Yadda Ake Ɓare Tsohuwar Ledar Baƙin Gilashin Mota

Kusan duk motar da ake kawo mana a kan matsalar baƙin gilashi, sai an riga an taɓa ta ake kawowa. Za ka tarar gilashin ƙofa duk ya karce, na baya gam ya bushe a jikinsa ya sha ƙura ya yi dabbare-dabbare, rediyo ya daina kama tasha, mai mota kuma yana rantsuwa shi leda kawai ya ɓare. Hanyar da ake bi a kai ga haka ba ta sauyawa: a sa farce a fizgi leda a bushe, in ta yage a ɗauko reza, in gam ya ƙi fita a nemo fetur. Yaran da ke koyon aiki a gareji da masu motar da ke son rage kuɗin aiki, duk nan suke tuntuɓe. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda ake yi tun daga tushe.

Dalilan cire ledar ba ɓoyayyu ba ne. Ledar da aka rina, wadda ita ce mai araha kuma ita ta cika kasuwa, rana ce ke cin ta. Launin rawaya da ke cikin rinin shi ke fara ƙonewa, sai ja da shuɗi su rage, shi ya sa tsohuwar leda ke komawa shunayya. Gam ɗin ma yana gajiya, ya saki nan ya riƙe can, leda ta yi bororo. A rana irin ta Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, tsufan ba ya ɗaukar dogon lokaci. Da daddare direba ya duba madubi ya ga fitilun bayansa sun dagule, bai san nisan wanda ke biye da shi ba. Ga kuma batun hukuma. Tun 1991 Najeriya ke da dokar da ta hana baƙin gilashi sai da izini, bisa dalilin lafiya ko tsaro, kuma a 2025 rundunar 'yan sanda ta sake tayar da maganar takardar izinin. Mutane da yawa sun gwammace su cire su huta, kuma gara a cire a gida cikin natsuwa da a tsaya ɓarewa a bakin titi.

Kafin ka taɓa komai, ka fahimci abin da za ka yi fama da shi. Ledar siririyar roba ce da aka shafa wa gam a gefe guda, aka manna ta ta cikin mota. Ita kanta ba ta da wuyar fita. Gam ne aikin. In ya ji zafi ko danshi yakan yi laushi ya bi leda su fito tare. In yana da sanyi kuma a bushe, sai ya rabu da leda ya zauna a gilashi, aikin minti ashirin ya koma na rabin yini. Duk matakan da ke tafe manufarsu ɗaya ce: gam ya biyo leda.

Kayan aiki

- Abin ba da zafi. Na'urar tururi ta gugar kaya ita ta fi, don tana haɗa zafi da danshi, kuma zafinta ba ya wuce na tafasasshen ruwa. In babu, na'urar busar da gashi ta wadatar. Bindigar zafi ta masu fenti tana da sauri, amma akwai masu haura digiri 500, ba kayan ɗan koyo ba ce.
- Sababbin reza masu yawa, da mariƙinsu in da hali. Wadda ba ta tsatsa ta fi sauƙi ga gilashi.
- Makankarin roba, ko tsohon katin banki.
- Kwalbar feshi da ruwa da aka ɗiga wa sabulun ruwa na wanke-wanke. Ban da garin sabulu, ƙwayoyinsa da ba su narke ba suna karce gilashi.
- Sipirit na kemis.
- Manyan baƙaƙen ledojin shara, salatef na takarda, almakashi.
- Tsofaffin tawul, tsumma mai laushi, tsohuwar jarida.
- Ruwan amoniya in ana samu, tare da safar hannu, takunkumi da tabarau.

1. Tabbatar leda ce

Ba kowane baƙin gilashi ne ke da leda ba. Motoci irin su Sienna da Highlander da Pilot da ake shigo da su daga Amurka, yawanci gilasansu na baya da duhunsu suke fitowa daga kamfani. Launin yana cikin gilashin ne, babu abin ɓarewa, kuma wanda ya dage da reza karce kawai zai samu. Sauke gilashin rabi, ka bi bakinsa na sama da farce ta ciki. In leda ce za ka ji ɗan tudu inda ta tsaya, ƙasa kaɗan da baki. In sumul ka ji har ƙarshe, ka ajiye kayan aiki. Wani lokaci kuma za ka samu an ɗora leda a kan gilashin kamfani, to ko ka cire, duhun asali yana nan, ka sanar da mai mota tun kafin a fara don kada a yi rigima.

2. Zaɓi wuri, ka wanke gilashi

Kana son rana, ba ka son ƙura. Filin da iska ke kwaso yashi, musamman da hunturu, bai dace ba. Ƙwayar yashi ɗaya ta shiga ƙarƙashin reza ta isa ta ja layi daga wannan gefe zuwa wancan, kuma karcen gilashi ba ya gogewa da tsumma. Yayyafa ruwa a ƙasa in wurin turɓaya ne, ka wanke gilasan ciki da waje. Hantsi ya fi dacewa a fara, lokacin da gilashi ya ɗumama amma mutum na iya zama cikin motar. In da na'urar lantarki za ka yi aiki, ka tabbatar da wuta ko janareta tukuna. Ɗauke wuta a tsakiyar ja shi ke sa mutum ya ce bari in ƙarasa a haka, daga nan leda ta yage.

3. Rufe cikin mota

Wannan matakin shi aka fi tsallakewa, shi ne kuma ɓarnarsa ke ɓuya sai bayan mako guda ta fito. A jikin ƙofa akwai maɓallan zuge gilashi, akwai sifika, akwai injin da ke ɗaga gilashin, duk a ƙasan inda za ka riƙa fesa ruwa. Manna ledar shara da salatef daga bakin robar gilashi ta sauko ta rufe jikin ƙofar duka, ka cusa tawul a gindin gilashin ya riƙa tsotse abin da ke gangarowa. A baya ka shimfiɗa tawul a kan kantar da ke bayan kujera, don can ma akwai sifiku da fitilar birki ta uku. Kujerar fata ba ta shiri da amoniya ko sipirit, ita ma a lulluɓe ta.

4. Ɗaga bakin leda a gilashin ƙofa

Da ƙofofi za ka fara, don hannunka ya saba kafin ka kai ga na baya. Sauke gilashin kamar faɗin yatsu uku don bakin ledar na sama ya bayyana. Ɗumama kusurwa guda na ɗan lokaci, sannan ka kwantar da reza ka zura bakinta a hankali ƙarƙashin leda har ka samu abin kamawa da yatsu biyu. Reza ta gama aikinta a nan, ajiye ta.

Ka kula da bakin gilashin. Na ƙofa yawanci gasasshen gilashi ne, yana jure duka a tsakiya, amma gefensa ne lagonsa. In ƙarfe ya ɓantare bakin, yana iya tarwatsewa gaba ɗaya ya zube ƙanana-ƙanana.

Ka kuma duba abin da ka ɗago. Leda mai araha takan rabu gida biyu, fara ta sama ta fito, mai launin ta zauna. In ka ga abin da ke hannunka garau yake alhali gilashi na nan da duhunsa, tsaya, ka koma kusurwar ka ɗago duka biyun tare.

5. Zafi da ja

Nan ne gwanintar take. Hannu ɗaya na riƙe da na'urar zafi, ɗaya na jan leda, kamar yadda mahauci ke fiɗar rago: ba fizga yake yi ba, hannu ɗaya na buɗe hanya, ɗaya na bi da fata. Zafin ya riƙa sauka daidai inda leda ke rabuwa da gilashi da ɗan gaba kaɗan. Na'urar tururi ana kusantar da ita sosai, ta busar da gashi a bar kamar faɗin tafin hannu, bindigar zafi kuwa nesa da haka, kuma kada ta tsaya wuri ɗaya ko na ɗan lokaci. Zafi da ya taru a waje guda yana narkar da leda ta manne, yana ƙona roba, yana iya fasa gilashi.

Ka ja ledar kusa da jikin gilashi, kana naɗe ta baya a kan kanta, ba ka janyo ta zuwa ƙirjinka ba. Faɗaɗa riƙon yadda duk faɗin ledar zai riƙa saukowa tare, domin jan lungu ɗaya shi ke sa ta tsage tsaye. Kunnenka ma zai taimake ka. Leda mai fita da gam ɗinta ba ta da ƙara sosai. Da ka ji tana ƙara kamar za ta yage, ko ka ga gilashin bayanta ya yi hazo-hazo yana danƙo, gam ne ke zama: rage sauri, ƙara zafi. In ta yage duk da haka, ba abin tashin hankali ba ne, ɗumama bakin da ya rage ka sake ɗagowa.

Idan ka kai tsakiya, ɗaga gilashin sama don ka samu gindin ledar da ke shige cikin roba. Ka jawo shi duka. Guntun da aka bari a can shi ne daga baya ke naɗewa yana ƙugi duk lokacin da aka zuge gilashi.

Wanda ba shi da wuta sam yana iya tsoma tawul a ruwan zafi, ya matse, ya danna a kan ledar na ɗan lokaci, ya ja, ya sake. Yana da jinkiri amma yana yi. Abin da ba a yi shi ne sheƙa tafasasshen ruwa a gilashi mai sanyi, ko ruwan sanyi a gilashin da ya sha rana.

6. Gilashin baya

Duba gilashin baya da kyau za ka ga siraran layuka ruwan ƙasa a kwance. Ba waya ce a cikin gilashi ba. Fenti ne mai ɗauke da azurfa da aka buga a fuskar gilashin ta ciki, wato daidai inda ledar ke manne. Wuta na bi ta cikinsu su ɗumama gilashi su kore raɓa. Akwai masu cewa mu da ba mu da ƙanƙara me za mu yi da su. Duk wanda ya tuƙa mota cikin ruwan Agusta da gilasai a rufe, ko da asuba a Jos, ya san amsar. Ban da haka, a motoci da yawa irin su Camry da Accord, layukan da ke can sama eriyar rediyo ce. Reza ta ratsa ɗaya, layin ya mutu daga gefe zuwa gefe. Saboda haka hukuncin a nan gajere ne: reza ba ta taɓa gilashin baya, sai dai a can kusurwar da babu layi, don ɗaga baki kawai.

In kana da na'urar tururi, ita ce maganin. Buɗe ƙofofi, ka yi wa duk faɗin gilashin tururi na mintuna kafin ma ka ɗaga baki, sannan ka ja a hankali fiye da yadda ka yi a ƙofa. Tsohon gam in bai yi laushi ba yana iya tasowa da layin a jikinsa ko ba a sa reza ba.

In babu tururi, rana za ta yi maka aikin, kuma ita ce abin da ba mu rasa ba. Yanka ledar shara biyu daidai girman gilashin. Fesa ruwan sabulu a waje ka manna ɗaya, baƙinta zai riƙa zuƙo zafi. Ta ciki kuma ka fesa amoniya a kan ledar gilashin har ta jiƙe sharaf, nan take ka manna ledar shara ta biyu a kai, ka shafe ta da tafin hannu. Amfaninta shi ne ta hana ruwan bushewa, ya samu lokacin ratsawa ta gefuna da tsagogi ya kai ga gam. Juya bayan motar ga rana, ka rufe ƙofofi, ka bar ta kamar awa guda. In babu amoniya, ruwan sabulu mai kauri ma yana yi, sai dai ka ƙara lokaci, ka leƙa ka sake fesawa in ya fara bushewa.

Amoniya tana da haɗari, kada a raina ta. Tana shaƙe numfashi, tana ƙona ido, kuma a motar da ta sha rana a rufe warinta ya ninka. Buɗe ƙofofi huɗu ka bar iska ta ratsa kafin ka sa kai. Mai asma kada ya kusanci wannan hanyar, yara ma a kore su. Kuma kada a kuskura a haɗa ta da ruwan bilic irin su Hypo ko Jik wai don ta ƙara ƙarfi. Haɗin yana fitar da iska mai guba da ke iya kai mutum asibiti.

Da lokaci ya cika, fara daga kusurwar sama, ka ja ledar gilashin tare da ta sharar da ke kanta, kana fesawa a inda suke rabuwa da gilashi. Ka yi ƙoƙari ta fito a falle ɗaya. A gefe biyu na gilashin akwai 'yan ƙarafa da aka liƙa inda wayar wuta ke shiga, ka zagaye su a hankali, in ɗaya ya ɓalle duk layukan sun daina aiki.

Ban da na baya, wasu motocin akan sa musu siririyar leda a saman gilashin gaba. Shi wannan gilashin falle biyu ne da roba a tsakani, kuma in yana da ɗan tsagu ko tabon dutse, zafi kaɗan ya isa ya sa tsagun ya yi tafiya. Ɗumi kaɗan da ruwan sabulu sun wadatar, kuma a nisanci bayan madubi inda wasu motocin ke da kyamara da na'urori.

7. Cire ragowar gam

Ko gwani ne sai ya bar wani abu. A gilashin ƙofa, jiƙa wurin da ruwan sabulu, ka ba shi mintuna, ka kwantar da sabuwar reza sosai ka riƙa turawa gaba kawai. Kada ka yi gaba da baya, kada ka kankare a bushe, kada ka yi aiki da kusurwar rezar. Gam ɗin da ya taru a bakinta ka shafe a jarida. Da ka ji ta fara tirjewa, sauya wata. Kuɗin reza goma bai kai kusa da na gilashi ɗaya a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka ba.

A gilashin baya, sipirit ko amoniya a tsumma, da katin roba in ya zama dole. Gogewar kuma ta bi tsawon layukan, dama zuwa hagu, ba sama da ƙasa ba, don kada a riƙa cin karo da su. Jiƙa, jira, goge, sauya gefen tsumma. Mai gaggawa yakan yi ta murza gam wuri ɗaya, ya baza shi maimakon ya kwashe.

Kananzir yana narkar da gam, gaskiya ne, kuma ɗan kaɗan a tsumma ba laifi, amma yana barin maiƙo da wari, sai an bi shi da sabulu sosai. Fetur kam a'a. Tururinsa a cikin mota mai zafi, ga na'urar lantarki a kusa, gobara ce ake gayyata. Tinar masu fenti tana cin robar ƙofa ta bar farin tabo da ba ya fita. Soson ƙarfe na wanke tukunya kuwa karce yake yi wanda ba a gani sai an fuskanci rana.

Har sai gam ya fita tas, kada a yi ta zuge gilashi sama da ƙasa. Yana shafuwa a robar da gilashin ke bi, ya kama ƙura, daga baya ya riƙa zana layi a gilashin da ka sha wahalar gogewa, ya kuma wahalar da injin.

8. Wanke, ka duba

Wanke da ruwan sabulu, ka bi da ruwa mai tsabta a tsumma, ka busar. Sauke gilashin ka goge bakinsa na sama da cikin robar. Daga nan ka fito waje ka kalli gilashin ta gefe, rana na haska shi, don gam ɗin da ba a gani ta gaba ta nan yake bayyana. Bi shi da bayan yatsa, inda ya riƙe ka akwai saura.

Gwada maɓallan ƙofa, kunna rediyo ka ji AM da FM. Layukan baya kuma da sanyin safiya ake gwada su: huro musu numfashi ko tururi har gilashin ya yi raɓa, ka kunna maɓallin, ka jira. Layin da raɓa ta ƙi washewa a kansa ya yanke. In yankan ƙarami ne, akwai fentin gyara mai ɗaukar wuta da ake ɗigawa a wurin, mai wayarin mota zai iya gano daidai inda ya katse da mita. Bar ƙofofi a buɗe a inuwa har warin ya fita kafin a ɗauki iyali.

Wanda zai sa sabuwar leda, ya fara da neman izini, sannan ya tabbatar gilashin ba maiƙo ba gam, domin sabuwar leda duk abin da ta tarar shi za ta rufe ta nuna. Kada a yarda a ɗora sabuwa a kan tsohuwa, ko da mai aikin ya ce zai rage kuɗi. Bayan an manna, a bar gilasai a rufe na 'yan kwanaki gam ya kama, kuma daga ranar a daina goge su da duk abin da ke da amoniya.

Gilasan ƙofa kowa na iya yinsu a gida in ya ware rabin yini. Na baya kuwa, in ka ɗaga baki ka ga ledar tana marmashewa ƙanana-ƙanana duk da zafi da jiƙo, ka tsaya nan, ka kai wa mai na'urar tururi. Ka kuma tambaye shi da me zai yi aikin kafin ka miƙa masa makulli. In ya nuna maka reza, ka ja motarka ka nemi wani.